A ƙara wa majoro ilimi

A ƙauyukanmu, in masassara ta kama yaro, majoro muke kai wa, domin lokotoro yana birni.

Ƙauyukan Amurka ma sun yi ƙarancin lokotoro. A shekarar 1965, a jami'ar Kolorado, Loretta Ford, ma'aikaciyar jinya, da Henry Silver, lokotoron yara, suka buɗe karatu mai zurhi domin masu jinya. Yau dubban masu wannan ilimi suna binciken cuta, suna rubuta takardar magani.

Tunda majoro na ɗauke da nauyin lokotoro, muna ganin ya cancanci irin wannan karatu. Amma in ya ƙare, kada a tsare shi Yamai. A maido mana shi, domin a nan marasa lahiya suke jira.