Zauren Iyali: Yaro ya ce zai karanta “rezo”



Ƴan uwa masu karatu, a kowace shekara idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito, gidaje da yawa sukan zauna shawara iri ɗaya. An yi murna, an yi addu'a, sai a tambayi yaro abin da zai karanta, ya ce: “Rezo zan karanta, Baba.” Uba ya yi shiru, domin iyakar abin da ya sani game da rezo shi ne ƴan sandunan nan na fuskar wayar salula, waɗanda idan suka ɓace ake cewa babu rezo. Wani dattijo ya tare mu kwanan baya, ya tambaye mu ko wannan karatu ne na gaske, ko kuwa hanyar zaman shagon intanet ce. Tambayarsa ta cancanci amsa, domin kuɗin gida da shekarun yaro ne za a zuba.

Ilimin rezo shi ne sanin yadda ake haɗa kwamfutoci da wayoyi su riƙa isar wa juna da saƙo. Mu kwatanta shi da tashar mota. Ɗan kasuwa a Maraɗi yana da kaya masu yawa da zai aika Damagaram. Sai a rarraba su ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane lambar mai aikowa da ta mai karɓa, a kowace tasha kuma akwai ɗan kamasho da ke duba rubutun ya nuna motar da za a ɗora wa. Haka saƙo ke tafiya a intanet. Ana yayyanka shi ƙanana-ƙanana, lambar da ke jikinsa ita ce adireshin IP, ɗan kamashon kuma shi ne na'urar da ake kira ruta. An soma gwada wannan dabara a Amurka a shekara ta 1969 da kwamfutoci huɗu kacal. Ƙa'idojin TCP/IP da ake tafiya a kansu har yau, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fito da tsarinsu a 1974, aka soma aiki da su ranar 1 ga Janairu 1983.

Ɗalibin wannan fanni yana koyon abubuwa biyu, na kai da na hannu. Na kai shi ne lissafi: yadda ake raba adireshi tsakanin ofisoshi da gine-gine ba tare da biyu sun yi karo ba. Tsohon tsari, IPv4, yana da adireshi kimanin biliyan 4 da miliyan 300, kuma babban rumbunsa ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Saboda haka dole ɗalibi ya iya sabon tsarin IPv6 shi ma. Na hannu kuwa shi ne jan kebul, da jera ƴan wayoyinsa guda 8 bisa launinsu, da matse masa kai, da sanin cewa irin wannan kebul ba a wuce mita 100 da shi. Sannan sai neman inda matsala ta ɓuya. Malaman fannin suna kasa aikin rezo hawa 7, kuma suna koya wa ɗalibi ya fara bincike daga ƙasa: akwai wuta? an soka kebul? Yaron da ba shi da haƙurin bin sawu ɗaya bayan ɗaya zai sha wuya a nan, komai kaifin basirarsa.

Amfanin wannan sana'a gare mu a fili yake. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka mafi yawan intanet ɗinmu yana biyowa ne ta zaren gilashi da ake kira fibar, daga ƙasashen maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace daura da gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga kunci, har da mu. A irin wannan rana, waɗanda ke karkatar da saƙonni su bi ta wata hanya su ne masanan rezo. Banki, da asibiti, da kamfanin waya, da shagon aika kuɗi, duk suna buƙatar mutum irin wannan, kuma ba za mu dawwama muna jiran a zo mana da shi daga waje ba.

To amma, ya ku iyaye, ga inda ake yin asara. Sunan fanni a jikin allon makaranta ba shi ne karatu ba. Mun ga ɗaliban da suka yi shekara biyu na BTS, ko uku na lisans, suka fito da takarda mai hatimi, ba su taɓa riƙe ruta da hannunsu ba. Sun haddace darasi kamar ƙarangiya a bakin wando, ranar gwajin aiki kuwa aka miƙa masu kebul suka tsaya suna kallo. Saboda haka kafin a biya ko dala, uba ko yayan yaro ya taka da ƙafarsa ya je makarantar. Ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji, ya ƙirga na'urorin, ya tambayi yawan ɗaliban da ke rabon kowace. Ya tambayi abin da ake yi idan wuta ta ɗauke. Ya tambayi inda ɗaliban bara suka yi zaman koyon aiki, da ko takardar makarantar hukuma ta amince da ita. Makarantar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Mai halin tura ɗansa waje kuma ya san da makarantar sadarwa ta ESMT da ke Dakar, wadda ƙasashe 7, ciki har da Nijar, suka kafa a 1981.

Ku kuma matasa, maza da mata, ga namu gare ku. Faransanci kaɗai ba zai wadatar ba, domin umarnin da ake ba na'urorin nan da yawancin littattafansu da Ingilishi suke. Kamfanin Cisco yana da manhaja mai suna Packet Tracer da ake samu kyauta, wadda ke ba mutum damar gina rezo cikin kwamfutarsa ya gwada kafin ya taɓa na gaske. Shaidar CCNA ta wannan kamfani tana da daraja wurin masu ɗaukar aiki, sai dai shekara 3 take yi a sake sabunta ta; ke nan wanda ya shiga wannan hanya ya yi sallama da gama karatu. Kada kuma ku raina hawa tsani da jan kebul cikin rana, domin daga nan ake farawa.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Mai kula da rezo yana riƙe da makullan gidan da ba nasa ba: yana iya ganin wanda ya yi magana da wa, yana iya buɗe abin da aka rufe. Makaranta za ta koya masa buɗewa, kamun kai kuwa daga gida ake zuwa da shi. Wannan rabon namu ne, mu iyaye da yayye, kuma babu wanda zai ɗauke mana shi.

Allah Ya yi wa ƴaƴanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a ta halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.