Ilimin Kurfai Ya Koma Gida: Hujjar Buɗe Ƙofar Maɗaba'un Jami'a

A 1925 wata mata mai suna Shibo ta jagoranci borin Hauka a ƙasar Filinge, lamarin da ya tayar da hankalin Turawan mulkin Faransa har suka kama mabiyanta. Shekara hamsin bayan haka, a 1975, masanin tarihi Finn Fuglestad ya buga nazarinsa a kan lamarin a mujallar Cahiers d'études africaines ta birnin Faris. Yau duk ɗalibin da ke da waya yana iya karanta wannan maƙala kyauta a rumbun Persée.

Sai a kwatanta da wani aikin. A 1978 Jean-Guy Malka ya yi nazarin bambancin furuci tsakanin Daidaitacciyar Hausa da Hausar Filinge, da Hausa kuwa ya rubuta shi, aka buga a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano. Bakurfe mai son sanin yadda masana suka bayyana karin harshensa, wanda ke cikin Hausar yamma mai cewa "hwari" da "hili", yana buƙatar wannan aiki fiye da kowa. Amma abin da aka buga a takarda kaɗai yana nan inda aka ajiye shi, sai wanda ya yi tattaki zuwa ɗakin karatu. Filinge kuwa tana da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, balle Kano. Abin takaici ne a ce rubutun Faris ya fi na ƙasar Hausa kusa da ɗan Kurfai.

Saboda haka ya wajaba maɗaba'un jami'o'in Nijar da Nijeriya su ɗora ayyukansu, tsofaffi da sababbi, a intanet kyauta. Jerin Études Nigériennes na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni taska ce ta tarihin al'ummun Nijar, kuma daga bakin dattawan ƙauyuka aka tattaro da yawa daga cikinta. Wanda ya ba da labarin kakanninsa bai cancanci a kulle wa jikansa ƙofa ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja: tacewa da tsara shafi da ajiya duk kuɗi suke ci. Wasu manyan kamfanonin ɗab'i sun ɗora wa marubuci nauyin biya, wanda kan kai dubban daloli a kan maƙala guda. Wannan an gudu ne ba a tsira ba, domin an buɗe wa malamin Yamai ƙofar karatu, an rufe masa ta rubutu. Akwai wata hanyar. Maɗaba'ar Language Science Press ta Balin tana fitar da littattafan kimiyyar harshe ba tare da karɓar kuɗi daga mai karatu ko marubuci ba, cibiyoyin ilimi ne ke haɗa karo-karo. A Yamai ma cibiyar LASDEL ta daɗe tana sakin rahotanninta kyauta.

Abin da ya rage shi ne niyya. A ɗauki hoton tsofaffin mujallu da izinin masu haƙƙi, a sa su cikin tsari marar nauyi wanda ƙaramar waya za ta iya saukewa, a haɗa kowane aiki da taƙaitawa cikin Hausa. Ɗaliban kimiyyar harshe na iya ɗaukar wannan taƙaitawa a matsayin aikin aji. Ranar da malamin makaranta a Filinge ya buɗe nazarin Malka a gaban ɗalibansa, su ne za su faɗa inda ya dace da bakinsu da inda ya kuskure, kuma da irin wannan gyara ilimin harshe ke ƙaruwa.