Labarin Zuciya A Tambayi Agogo?

'Yan'uwa mata, iyayenmu sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ga zamani ya zo da agogon hannu mai auna bugun zuciya da gumi da ɗumin fata, ya aika wa waya ta iska, ita kuma ta miƙa wa kamfani. A 2020 Fitbit ya fito da irinsa mai auna damuwa. A shekarar nan Amazon ya kawo Halo, mai sauraron murya ya ce ko kina cikin fara'a, amma an daina shi a 2023.

Ba mu ƙi ci gaba ba. Sai dai zuciyar amarya da ta wadda ta ga maciji duk da sauri suke bugawa, agogo kuwa kintace yake yi. In ya ce kin yi fushi alhali murna kike, wa za a gaskata?

Saboda haka, matar aure ko 'yar makaranta, in an ba ki kyautarsa, kafin ki ɗaura ki tambaya wayar wa aka haɗa shi da ita, wa kuma ke karantawa. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.