A Kawo Mana Marubuta Gaya da Ajingi

Duk taron marubutan da ake yi a jihar nan, a cikin birnin Kano yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. Ɗalibar sakandare a Ajingi sai dai ta ji labari a rediyo, alhali matsalolin da ake tattaunawa a zaurukan Jami'ar Bayero, wato auren dole, cire 'ya'ya mata daga makaranta, da saɓanin manoma da makiyaya, a ƙofar gidansu suke kwana. Ku dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama, daga baya ta koma karatun manya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Irin wannan mace ta tsaya gaban 'yan mata a Gaya ta faɗa musu da bakinta yadda ta yi, wallahi ya fi musu huɗuba goma. Yaran Fulanin rugage da na Hausawan gari su zauna benci ɗaya su yi mata tambaya, su ma su ji juna. Jami'ar Aliko Dangote ga ta nan a Wudil, kusa da mu, tana da zaure. Muna roƙon Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Kano da Masarautar Gaya su haɗa kai, ko sau ɗaya a zangon karatu, su kawo mana marubuci.