Kwalta a jikin mota: lokaci ya yi da za a raba mai wanki da gorar fetur

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kano a shekarun nan da ake ta aikinta ya san yadda mota ke fitowa daga wuraren da aka karkatar da hanya: ɗigo-ɗigon baƙi a ƙasan ƙofofi, a bamba, a jikin rim, kamar an yarfa mata tawada. Farar mota ta fi shan wuya. Da an shigo gari sai wajen wanki, sabulu ya gaza, yaron wanki ya ce a kawo kuɗin fetur rabin lita. Ya jiƙa tsumma, ya dirje, baƙin ya fita, kowa ya yi murna. Wannan al'adar ya kamata a bar ta, domin motar da ake yi wa haka a yau ba irin wadda aka koyi dabarar a kanta ba ce.

Yaron yana da gaskiyarsa. Kwalta 'yar'uwar fetur ce, ita ce ragowar da ke kwantawa bayan an tace ɗanyen mai, shi ya sa ruwa ba ya narkar da ita sai wani man. Wadda ta fi fantsama ita ce mai ruwa-ruwan nan da ake fesa wa hanya kafin a shimfiɗa ta gaske, kuma sau da yawa da kananzir ake sirka ta. Ke nan fetur zai cire ta, babu musu. Abin tambaya shi ne me kuma yake tafiya da shi.

Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 bambarta ƙarfe ce, fitilarta gilashi, wayoyinta 'yan kaɗan. Corolla ko Accord ta yau bambarta roba ce, murfin fitilarta ma roba ne mai garai-garai wanda fetur ke sa shi dusashewa, wani lokaci har ya tsattsage. Ƙyallin jikinta kuma ba daga launin yake zuwa ba, wani siririn shafi ne marar launi da ake fesawa a sama, kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. Shafa fetur sau ɗaya ba lallai ya kashe fentin kamfani ba, amma yana kwashe man ƙyallin da ke kare shi, kuma motar da aka taɓa sake wa fenti a gareji tana iya nuna tabo nan take. Ɓarnar da ta fi girma ma daga dirzar take fitowa. Kwalta ba ta zuwa ita kaɗai, da yashi take mannewa, don haka mai goge ta da ƙarfi sanfefa yake ja wa motar. Masu sa reza ko soson ƙarfe kuwa, sai dai a yi wa mai motar jaje.

Sai batun wuta. Tururin fetur yana kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, shi kuwa kananzir sai ya yi ɗumin kusan digiri 38 kafin ya fara fitar da tururin da zai kama. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana wuce digiri 400 idan mota ta yi tafiya. A haɗa wannan da yaron da ya kwanta ƙarƙashin motar da ta iso daga Zariya yanzu, gorar fetur a hannu, ga janareto yana aiki a gefe.

Hanyar da ta fi ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. A bar motar ta huce a inuwa, a wanke ta da ruwa da sabulun mota yashin ya sauka tukuna. Sannan a fesa maganin cire kwalta da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Idan babu, WD-40 yana yi, haka ma ɗan kananzir a jikin tsumma mai laushi. A fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya gani, kamar yadda masu rubuta manhaja ke gwada gyara a gefe kafin su sake shi ga jama'a. A ba shi minti biyu zuwa biyar, za a ga baƙin yana zubowa kamar shayi. A share a hankali, ana juya tsumman, wanda ya ƙi fita a sake jiƙa shi maimakon a ƙara ƙarfi. A ƙarshe a sake wanke wurin da sabulu, a mayar masa da man ƙyalli.

Wajen ƙafafu ne ake buƙatar natsuwa. Duk wani abu mai maiƙo da ya taɓa faifan birki ko takalminsa yana rage kamun birkin, don haka a fesa a tsumma, ba kai tsaye a jikin rim ba. Ƙananan darmar balans da ake mannawa a cikin rim da gam ake riƙe su, maganin na iya saki gam ɗin, washegari sitiyari ya fara rawa a kan babbar hanya, mai mota ya yi ta zargin mai faci. A bayan tayar kuma akwai wayar na'urar ABS da robobin shaft, waɗanda mai ke kumbura su, bakin injin feshin ruwa kuma yana iya yaga su idan aka matso da shi sosai. Ƙananan idanun da ke jikin bamba masu ƙara idan an kusa bugun abu, da kyamarar baya, auduga da lallashi ya ishe su.

Ƙarƙashin mota kuwa, mafi yawan kwaltar da ke can gara a ƙyale ta. Babu mai ganinta, ba ta cin ƙarfe, kuma motoci da yawa, musamman 'yan Kwatano da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, suna da baƙin shafin hana tsatsa wanda wani da kwalta ake haɗa shi. Mai wanke wurin da fetur kariyar yake wankewa. Abin cirewa shi ne curin da ya maƙale a cikin rim, da wanda ya hau salansa yana wari, shi ma sai ta huce sarai.

Za a ce maganin kuɗi ne, kuma abin da ake biyan yaron wanki bai kai ya saya ba. Haka ne, shi ya sa nauyin yake kan mai motar. Gwangwani ɗaya a but yana kai watanni, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sake fesa ƙofa ɗaya ba, balle a ce launin ya ƙi dacewa da sauran jikin.