IDON KYAMARA: Kallon jiragen yaƙi da iyali, da darasin da ke ciki ga 'yan fim

A wannan watan za mu ɗaga kai sama ne, mu bar maganar rawa da waƙa da rigimar furodusa da 'yan kasuwa su huta. Dalili kuwa wata wasiƙa ce da wani ɗalibi ya aiko mani daga Tarauni. Ya ce burin sa ya zama mai ɗaukar hoton fim, amma duk sa'ad da jiragen soja su ka gilma ta saman unguwar su ya ɗaga waya, in ya duba sai ya ga ɗan ɗigo baƙi kamar ƙuda a kan faranti. Ya na so in an sake bikin sojan sama a Kano ya kwashi ƙannen sa su je, ya dawo da hoton da zai nuna wa sa'a.

To ƙanena, da farko ka sani kallon jirgi ba baƙon abu ba ne a garin nan. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila su ka taso daga Masar su ka sauka a Kano, kuma su ne jiragen sama na farko da su ka taka ƙasar Nijeriya. Ita kuwa Rundunar Sojan Saman Nijeriya a 1964 aka kafa ta, kuma ta na da makarantar koyon tuƙin jirgin yaƙi a nan Kano, inda ake horar da matuƙa da jirgin L-39, ƙirar ƙasar Cek, mai kujera biyu, ɗaya ta malami ɗaya ta ɗalibi. A watan Mayu na 2022 ma a Kano aka yi bikin cikar rundunar shekara 58, lokacin Air Marshal Oladayo Amao ne shugaban ta, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. Ka ga ashe abin a ƙofar gida ya ke.

Yanzu sai maganar hoto. Abu na farko, daina bin ƙara da ido. Sauti na tafiyar wajen mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa nan take ya ke iso ka. Saboda haka kafin rugugin ya zo kunnen ka, jirgin ya riga ya yi gaba. Duba gaban inda ƙarar ta fito, can za ka same shi.

Na biyu, kada ka tsaya ƙiƙam ka jira jirgi ya shigo cikin kyamara. Kafa ƙafafun ka, manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka bi jirgin da ƙugu a hankali kamar mai rakiyar baƙo da ido, ka riƙa dannawa ka na juyawa, kuma kada ka tsaya da zarar ka danna. In wayar ka na ɗaukar hotuna a jere in ka danne maɓalli, yi amfani da wannan. A cikin ashirin za ka tsinci biyu masu kyau, kuma sun isa.

Na uku, saurin ƙiftawar kyamara. Jirgin yaƙi mai gudun tsiya na son ƙiftawa mai sauri, ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ko fiye. Amma jirgi mai farfela ko mai saukar ungulu, in ka yi masa haka farfelar za ta daskare a hoto, sai ka ce jirgin roba aka rataye da zare. Shi sai ka sauko zuwa ɗaya bisa 250 ko ƙasa, yadda farfelar za ta ɗan yi dishi-dishi, mai kallo ya ga lallai abin tafiya ya ke yi.

Na huɗu, ba rana baya. In ka fuskance ta, jirgin zai fito baƙi ƙirin. Kuma ka rabu da jawo hoto da yatsu a fuskar waya, don yawanci yanka hoton kawai ya ke yi ya buɗa shi, ingancin ya zube. Gara ka ɗauka da faɗi, ka haɗa da kawunan jama'a da hayaƙin da jirgin ya bari.

Nan ne ma na ke so masu sha'awar fim su buɗe kunne. Hoton da ya fi tsada a irin wannan rana sau da yawa a ƙasa ya ke. Juyo da kyamara ka dubi Hajiya ta dafe ƙirji ta na salati, ƙaramar ƙanwar ka ta toshe kunne ta na dariya, Baba ya riƙe hula kada ta faɗi. Duk daraktan da ya san aikin sa ya san cewa fuskar mai kallo ce ke gaya mana girman abin da ake kallo. Hoton jirgi kowa na da shi a intanet. Fuskar Hajiya a wannan daƙiƙar kuwa kai kaɗai ka ke da ita.

Amma fa tafiya da iyali amana ce. Ku fita da wuri, don daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa wajen filin jirgi sai an ratsa gari, ga bincike a ƙofa. A ɗauki ruwa da lema, a samo wa yara abin toshe kunne, jariri kuwa a bar shi gida. Kowane yaro a rubuta lambar wayar babba a sa masa a aljihu. Inda soja ya ce a tsaya, a tsaya. A 1988, a Ramstein ta ƙasar Jamus, jirage sun yi karo ana cikin wasa, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 su ka mutu. A nan gida ma, ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen yaƙi biyu sun gogi juna a Abuja wajen gwajin bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya, Squadron Leader Bello Baba-Ari, ya rasu. Allah ya jiƙan sa. Igiyar da ake gittawa ba don ado ba ce.

Sannan bariki ba lokeshin ba ne. Kafin ka ɗaga kyamara kan jirgin da ke ajiye ko kan wani jami'i, ka ce, "Yallaɓai, an yarda a ɗauka?" In ya ce a'a, mayar da ita aljihu ba musu. Kada ka ɗauki ƙofa ko shingen bincike, kada kuma ka kuskura ka je da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Wanda bai samu shiga ba, saman bene a unguwa ya wadatar, muddin an kula da yara.

To, bari in juyo kan 'yan'uwa na Zoo Road, tunda tsakanin ku da Gyaɗi-Gyaɗi taku kaɗan ne. Mun kalli Shah Rukh Khan a 'Veer-Zaara' na 2004 a matsayin matuƙin sojan saman Indiya, mun yi kuka. 'Top Gun' na 1986 har yau ana maganar sa, kuma a ci-gaban sa na 2022 kyamara shida aka dasa a cikin jirgi don a kama fuskar jarumi da gaske. 'Yan Kudu sun yi 'Eagle Wings' a 2021 da haɗin gwiwar rundunar sojan sama, har namu Yakubu Mohammed ya fito a ciki. Mu da makarantar ke garin mu, me mu ke jira?

Na san za ku ce kuɗi. Haba! Wa ya ce sai kun yi hayar jirgi? Labari ake buƙata. A 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi a ƙasar nan. Ku ɗauki yarinya 'yar Tarauni da ke leƙen jirage daga tsakar gida, uba ya ce aure, ita ta ce sama, uwa na tsakiya. Rabin fim ɗin a soro da ɗaki za a yi shi. Sauran kuwa sai a rubuta wa sashen hulɗa da jama'a na rundunar takarda, a nuna masu labarin, a nemi izini. Mai nema ya na tare da samu. In ba mu ba yaran mu irin wannan labarin da Hausa ba, za su ci gaba da zaton cewa tuƙin jirgi na Indiyawa da Amurkawa ne kawai.

Duk wanda ya gwada waɗannan shawarwari, ya aiko mana da hoto ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.