Kyautar damina goma

Mutanen da suna ƙidayar shekarun yaro da damina. Yaron da ya cika damina 10 ya isa aike, ya isa kiwo. Ya kamata kuma ya iya iyo.

A ƙasashen Ƙonni, Malbaza da Illela ruwa yana wuya da rani. Amma da damina Majiya tana cika, ta yi ƙarfi. Ga madatsun ruwa a Mozage, Zongo da Galmi, ga tabkuna. Can yara suke shayar da dabbobi, can ƴan mata suke wanki. Wanda bai iya iyo ba, santsi guda ya ishe shi.

Waɗansu iyaye suna cewa hani ya fi. Amma hani ba ya fid da yaron da ya faɗa ruwa. Gara babba ya koya masa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ruwan kwance yana kawo tsargiya: in an ga jini cikin fitsari, sai likita.

Ranar da yaro ya yi iyon taki 20, iyali su taru, a yanka zabo, a dama fura. Sabuwar riga tana tsufa. Iya ruwa kuwa, fid da kai ne.